SUNAN ADIRESHI NA INTANET: YADDA A KE SAMUNSA BAYAN WA'ADIN MAI SHI NA FARKO YA ƘARE

Bayani domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai da malamansu, musamman na gundumomin cikin garin Kaduna arewa da kogi, kamar su Doka da Kawo, da sauran na ƙasar Zazzau. A zamanin nan ofisoshi da makarantu da ƙungiyoyin ci gaban unguwa da 'yan kasuwa suna buɗe shafi a intanet, suna kuma aika wasiƙu da karɓarsu ta can. Kowane shafi yana da sunan da a ke nemansa da shi. Sunan nan kuwa haya a ke ba da shi, yana da wa'adi, in wa'adin ya cika ba a sabunta ba ya kan faɗa hannun wani.

Maganar tana iya zuwa gaban Hakimi ta hanya biyu. Ko dai mutanensa sun yi sakaci sunansu ya kuɓuce suna neman yadda za su dawo da shi, ko kuwa suna son wani suna da ke hannun wani, suna jira wa'adinsa ya ƙare. Ko wacce ce ta zo, ya kamata Hakimi da malaminsa su san ƙa'idar abin, domin kada a ba talakawa shawarar da za ta sa su yi asarar kuɗi ko asarar mutunci.

MENE NE SUNAN ADIRESHI?

Kowace na'ura da ke haɗe da intanet tana da lambarta, kuma da lambobin nan ne na'urori ke gane juna. Amma riƙe dogayen lambobi a ka abu ne mai wuya ga ɗan Adam. Saboda haka a shekarar 1983 wani masani a Amurka, Paul Mockapetris, ya tsara hanyar da za a laƙaba wa lambobi sunaye, mutum ya rubuta suna, na'ura ta nemo lambar da kanta. Suna na farko mai ƙarewa da .com an yi rajistarsa ran 15 ga watan Maris 1985, shi ne symbolics.com. A yau sunaye masu ƙarewa da .com sun wuce miliyan 150.

Ana karanta sunan adireshi ne daga dama zuwa hagu. A ɗauki kdsg.gov.ng, wanda shi ne na Gwamnatin Jihar Kaduna. Baƙaƙen ƙarshe, watau ng, suna nufin Nijeriya. Gov yana nufin Gwamnati. Kdsg kuwa shi ne ainihin sunan da Jihar ta zaɓa. Haka kasu.edu.ng na Jami'ar Jihar Kaduna ne, abu.edu.ng kuma na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Kowace ƙasa tana da nata baƙaƙe biyu: Nijar .ne, Gana .gh, Kamaru .cm.

Suna ɗaya mutum ɗaya ne ke riƙe da shi a duk duniya, ba a raba shi biyu. Bisa al'ada ana rubuta shi da baƙaƙen boko 26, da lambobi, da karan ɗori, kuma ba ya wuce baƙi 63. Baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ƙ da ɗ da ɓ, an saba mayar da su k da d da b, ta haka Baƙo da Bako su kan zama suna ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ya samu.

Abin da ya fi kama da sunan adireshi shi ne akwatin gidan waya. Mutum ya kan je babban gidan waya na kan titin Yakubu Gowon ya karɓi akwati mai lamba, yana biyan haya shekara shekara. Muddin yana biya, akwati nasa ne. In ya daina, sai a ba wani. Masu rubuto masa wasiƙa kuwa ba su san an sake mai akwati ba, za su yi ta aikowa, wasiƙun suna faɗawa hannun baƙo. Wanda ya fahimci wannan misali ya fahimci rabin maganar.

SU WANE NE KE DA IKO A KAN SUNAYE?

Na ɗaya, akwai hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, mazauninta a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ita ke shimfiɗa ƙa'idodin sunayen da ba na wata ƙasa ba, irin su .com da .net da .org.

Na biyu, akwai mai riƙe da babban littafin rajista. Kowane ƙarshen suna yana da nasa. Littafin .com da .net yana hannun kamfanin Verisign. Littafin .ng yana hannun ƙungiyar NiRA, mai ofis a Legas. An ware wa Nijeriya .ng tun 1995, amma shekaru da dama aikin injinansa a ƙasashen waje a ke yi, da farko a Italiya. An kafa NiRA a watan Maris 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, a 2009 kuma aka damƙa mata riƙon .ng a hukumance. Hukumar NITDA ta Gwamnatin Tarayya ita ke sa ido a kan sha'anin, ita ce kuma ke ba da izinin sunaye masu ƙarewa da .gov.ng.

Na uku, akwai dillalan rajista. Mutum ba ya zuwa wurin mai babban littafi kai tsaye, sai ya bi ta hannun dillalin da aka amince da shi. Dillali ne ke karɓar kuɗi, ya shigar da suna, ya kuma aiko da tuni in wa'adi ya kusa. NiRA tana da jerin dillalan da ta amince da su, kowa yana iya dubawa a shafinta.

Na huɗu shi ne mai haya, watau wanda sunansa ke rubuce a littafi. A idon hukuma shi ne mai suna, ko da kuwa wani ne ya ba da kuɗin. Malamai su lura da wannan ƙwarai, domin nan ne tushen rigingimu da yawa.

Kuɗin haya ba shi da yawa. A watan Satumba 2024 Verisign ta sa abin da ta ke karɓa daga dillali a kan kowane .com dala 10 da santi 26 a shekara, dillali kuma ya ɗora ribarsa. Ana iya biyan na shekara ɗaya, ana kuma iya biyan har na shekara 10 gaba ɗaya. Sunayen .ng da naira a ke biyansu.

ABIN DA KE FARUWA IN WA'ADI YA CIKA

Mutane da yawa suna tsammani ranar da wa'adi ya cika a ranar suna ke komawa kasuwa. Ba haka ba ne. Ga sunaye irin su .com da .net da .org akwai matakai, ga su bi da bi.

Kafin wa'adi. Tun daga 31 ga Agusta 2013 ƙa'idar ICANN ta wajabta wa dillali ya aika wa mai haya tuni sau biyu: ɗaya kamar saura wata guda, ɗaya kamar saura mako guda. In ranar ta wuce ba a biya ba, sai ya ƙara aika na uku cikin kwana 5. Duk tunin nan ta wasiƙar intanet ya ke zuwa, zuwa adireshin da mai haya ya bayar ranar rajista. In ya daina duba adireshin nan, tuni ya tafi a banza.

Kwanakin uzuri. Bayan cikar wa'adi akwai kwanaki da ba su wuce 45 ba, waɗanda mai haya ke iya sabuntawa a kan kuɗin da aka saba, ko da ɗan ƙari kaɗan. Ba kowane dillali ke ba da 45 cif ba, waɗansu su kan rage. Cikin kwanakin nan ne a kan katse shafi da wasiƙu, kuma da gangan a ke yin haka, domin mai haya ya farga.

Kwanakin fansa. In dillali ya sallama sunan ga mai babban littafi, sai a shiga kwana 30 na fansa. Kamar kayan jingina ne: mai shi na farko kaɗai ke da ikon fansa, amma kuɗin fansa ya kan ninka kuɗin haya sau da yawa.

Kwanakin jiran shafewa. Bayan fansa sai kwana 5, waɗanda a cikinsu ba mai iya taɓa sunan, ko mai shi na farko ko wani.

Saki. Bayan kwana biyar ɗin nan sai a shafe sunan daga littafi, ya zama ba na kowa ba. Wanda ya riga neman sa shi zai samu.

Ga lissafi domin misali. A ce wa'adin wani suna ya cika ran 1 ga Janairu 2025, dillali kuma ya ba da uzuri cikakke. Uzuri zai ƙare 15 ga Fabrairu, fansa ta ƙare 17 ga Maris, a saki sunan 22 ga Maris. Jimla kwana 80 ke nan. In dillali ya rage kwanakin uzuri, sakin zai zo da wuri.

Sunayen ƙasashe kowace ƙasa ita ke yanke nata kwanakin. Na .ng NiRA ke yankewa, matakan kuwa kusan irin waɗannan ne: uzuri, fansa, jiran shafewa, saki. Malami ya karɓi jadawalin kwanakin a rubuce daga hannun dillali, ya ajiye a fayil.

Ana iya sanin matakin da suna ya kai ba tare da biyan ko kwabo ba. ICANN tana da shafin bincike, lookup.icann.org, NiRA ma tana da nata. In an rubuta suna a can, zai nuna dillalinsa, da ranar rajista, da ranar cikar wa'adi, da halin da ya ke ciki. In aka ga kalmar redemptionPeriod, suna yana cikin kwanakin fansa. In aka ga pendingDelete ita kaɗai, saura kwana biyar ko ƙasa da haka. Wani abin lura: cikin kwanakin uzuri babban littafin .com ya kan ƙara shekara guda da kansa, har mai dubawa ya ɗauka an sabunta, alhali kuwa ba a biya ba tukuna. Tun 2018 kuma yawanci ana ɓoye sunan mai haya da adireshinsa, sai dai a aika masa saƙo ta hannun dillali.

HANYOYIN SAMUN SUNA

Hanya ta farko ita ce ciniki da mai shi. In wa'adi bai cika ba, ko suna yana cikin kwanakin uzuri, ana iya neman mai haya a yi ciniki. In an daidaita, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, mai sayarwa ya sabunta sunan, ya ba da lambar sirri ta canja hannu, a mayar da rajista sunan mai saye. Kada a biya kuɗi duka kafin littafi ya nuna canjin. Amma mai nema ya yi tunani kafin ya buɗe baki, domin wanda ya manta da sunansa in aka tuntuɓe shi ya kan tuna, ya kuma tsawwala farashi.

Hanya ta biyu ita ce gwanjon dillalai. Manyan dillalai, irin su GoDaddy, ba su cika bari suna mai daraja ya kai ga saki ba. Tun cikin kwanakin uzuri su kan sa shi a gwanjo, wanda ya fi tayi ya ɗauka in mai shi bai dawo ba cikin lokacin da aka ba shi. Saboda haka mai zaune yana ƙirga kwana 80 yana iya wayar gari ya tarar an sayar da sunan tun kafin rabin kwanakin. Mai nema ya fara gano dillalin da sunan ke hannunsa, ya duba inda dillalin nan ke yin gwanjonsa.

Hanya ta uku ita ce ajiye buƙata wurin masu cafke. Akwai kamfanoni, kamar SnapNames da DropCatch, waɗanda sana'arsu ke nan: suna da injina masu aika buƙata ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda a daidai lokacin saki. Sakin .com ya kan faro ne da misalin ƙarfe 2 na rana a gabashin Amurka, watau tsakanin ƙarfe 7 da 8 na dare a agogon Nijeriya, kuma kowace rana sunaye dubun dubata a ke saki. Mai nema ya kan rubuta buƙatarsa tun kafin ranar. In kamfanin ya cafke kuma shi kaɗai ya nema, sai ya biya kuɗin aiki ya karɓa. In mutum biyu ko fiye suka nema, sai a yi gwanjo. Ba kamfanin da zai iya ba da tabbacin zai cafke, don haka masu nema da gaske su kan ajiye buƙata a wuri fiye da ɗaya.

Hanya ta huɗu ita ce jira har a saki, sa'an nan a yi rajista kamar sabon suna a kan kuɗin da aka saba. Wannan ita ce mafi arha, kuma ta kan yi wa sunan da ba wanda ya damu da shi sai mutanen wurin. Amma in suna gajere ne, ko kalma ce sananniya, ko tsohon shafinsa yana da baƙi da yawa, hannun mutum ba ya tsere wa inji. Dalilin wannan rububi kuwa kuɗi ne: a 2019 an sayar da voice.com a kan dala miliyan 30.

Wanda zai shiga gwanjo ya yanke wa kansa iyaka tun a gida. Sau da yawa ƙara kalma ɗaya a jikin suna, ko ɗaukar .ng ko .org.ng maimakon .com, ya fi a zubar da kuɗin jama'a wajen gasa da baƙon da ba a gani.

Akwai kuma sunayen da ba sa shiga wannan rububi. Ba a ba da .gov.ng sai ga hukumar Gwamnati mai takardar izini, .edu.ng kuwa sai ga manyan makarantun da hukuma ta amince da su. Ofishin da ke son adireshi na hukuma ya rubuta ta hannun Majalisar Masarauta zuwa ma'aikatar Jiha mai kula da ƙananan hukumomi da masarautu, a nuna masa hanyar da ta dace.

BINCIKE KAFIN A BIYA KUƊI

Tsohon suna kamar tsohon gida ne, sai an tambayi wa ya zauna a ciki. Abu uku a ke bincika.

Na ɗaya, tarihinsa. Akwai ma'ajiya a Amurka mai suna Internet Archive, wadda ke adana hotunan shafuka tun 1996, kowa yana iya dubawa kyauta. In aka ga an yi caca ko batsa ko damfara da sunan, a bar shi. Manyan kamfanonin wasiƙa da na bincike suna da jerin sunaye marasa mutunci, kuma wasiƙar da ta fito daga irin sunan nan ta kan faɗa kwandon shara kafin ta kai ga mai ita.

Na biyu, ko sunan tambarin kasuwancin wani ne, ko sunan wata hukuma ko sarauta. Sakin suna ba ya shafe haƙƙin mai tambari. Haka kuma rajistar kamfani wurin hukumar CAC ba ita ce rajistar sunan adireshi ba, littattafan daban su ke, samun ɗaya ba ya ba da ɗayan.

Na uku, abin da aka saya. Suna kaɗai a ke samu. Rubuce-rubuce da hotunan tsohon shafi na mai su ne, ba su bin suna, kuma kwafe su ba izini cin haƙƙi ne. Bayan sabuwar rajista kuma a kan hana mayar da .com wurin wani dillali har kwana 60.

ABIN DA KE BIN SUNA IN YA KUƁUCE

A ce wata ƙungiyar ci gaban unguwa a Unguwar Dosa ko Badarawa ta buɗe shafi, ta buga adireshinsa a kan takardun ofis da rasit da allon bakin titi. Yaron da ya yi musu aikin ya sa sunansa a rajista, daga baya ya tafi karatu wata ƙasa. Tuni ya yi ta zuwa akwatinsa, ba mai dubawa. Bayan wata uku wani ya cafke sunan. Daga ranar duk wasiƙar da aka aika wa ƙungiyar hannunsa za ta faɗa. Yana iya buɗe shafi mai kama da na da, ya sa hoton Hakimi, ya nemi gudunmawar gina masallaci ko ya tallata filaye, ya sa lambar asusunsa. Yana kuma iya neman sabuwar kalmar sirri ta duk wani asusu da aka buɗe da adireshin, irin na Facebook, domin can za a aika ta. Wanda aka cuta kuwa ƙofar Hakimi zai zo da kuka, domin sunan da ya gani na gida ne.

Kada a ɗauka ƙananan mutane kaɗai ke wannan sakaci. A watan Disamba 1999 kamfanin Microsoft bai biya kuɗin passport.com ba, har masu amfani da Hotmail suka kasa shiga akwatunansu. Wani mutum daga waje ne ya biya dala 35 da katinsa, abin ya tashi. A ƙarshen 2020 kuma wa'adin wani suna ya cika wanda rabin injinan .cd, na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ke dogara da shi. Wani mai bincike ɗan ƙasar Suwidin ya lura, ya yi rajistarsa ran 30 ga Disamba domin kada ya faɗa hannun ɓarayi, a watan Janairu 2021 ya sanar da hukuma. Da mugu ne ya riga shi, da ya sami hanyar karkatar da baƙin shafuka masu yawa na ƙasa guda.

Daga nan ne kuma a ke gane nauyin da ke kan wanda ya sami tsohon suna ta hanyar halal. Wasiƙun mai shi na farko za su yi ta zuwa na ɗan lokaci. Amana ce, kada a karanta, kada a amsa da sunansa. A rufe tsofaffin akwatunan, a kuma rubuta a fuskar shafi cewa suna ya canja hannu.

IN SUNA YA RIGA YA FAƊA HANNUN WANI

Da farko a nemi sabon mai shi cikin lalama, domin wani ba da mugun nufi ya ɗauka ba, kuma sulhu ya fi arha. In ya ƙi, akwai hanyar ƙara. A 1999 ICANN ta kafa ƙa'idar raba gardama a kan sunaye irin .com, kuma hukumar WIPO da ke Janeba, ƙasar Suwizalan, tana cikin masu sauraron ƙarar. Da takardu a ke yi, ba sai an je ba. Mai ƙara lalle ne ya tabbatar da abu uku gaba ɗaya: cewa sunan daidai ya ke da tambarinsa ko yana kama da shi har ya rikita mutane, cewa wanda ke riƙe da shi ba shi da wani haƙƙi a kansa, da cewa da mugun nufi ya yi rajistarsa ya ke kuma amfani da shi. Kuɗin ƙara gaban mai hukunci ɗaya dala 1,500 ne, ban da na lauya. Cewa kawai "nawa ne da, na manta ban biya ba" ba hujja ce da ta isa ba. Sunayen .ng suna da tasu ƙa'idar raba gardama a ƙarƙashin NiRA.

Akwai kuma dokar ƙasa. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, sashe na 25, ta haramta wa mutum ya ɗauki suna ko tambari ko sunan adireshi na wani mutum, ko kamfani, ko Gwamnatin Tarayya ko ta Jiha ko Ƙaramar Hukuma, ba da izini ba, da nufin hana mai shi amfani da shi. Hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ne, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyu, kuma kotu tana iya ba da umurnin a mayar wa mai shi. Hakimai su ja kunnen samari masu sha'awar sana'ar cafke a kan wannan sashe. Amma a sani, in wanda ya cafke yana wata ƙasa, kai shi gaban kotun Nijeriya ba abu ne mai sauƙi ba.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Rigakafi ya fi magani. Malami ya buɗe shafi a littafin ofis, kamar yadda a ke yi wa kayan gwamnati, ya rubuta kowane suna da ofis ko kwamitin gunduma ke riƙe da shi: sunan, da dillalinsa, da ranar rajista, da ranar cikar wa'adi, da wanda ke riƙe da kalmar sirri, da lambar rasit.

Rajista ta kasance da sunan ofis ko ƙungiya. Wanda aka ɗauka ya gina shafi ma'aikaci ne, kada a bari ya sa sunansa a matsayin mai haya. In an riga an yi haka, a gyara yanzu tun ana shiri da shi.

Adireshin da a ke karɓar tuni kada ya kasance a ƙarƙashin sunan da a ke tsaro, domin in aka katse sunan tunin ma ba zai iso ba. A sa mutum biyu su riƙa duba shi.

A sabunta saura wata biyu, in da hali a biya na shekaru da yawa. A sa kuɗin cikin kasafin shekara. Ko an sa dillali ya riƙa cirar kuɗi da kansa, malami ya duba, domin katin banki ma yana da ranar mutuwa, kuma ba kowane katin naira ke biyan dala ba.

Akwai 'yan damfara masu aiko da takardar tuni ta ƙarya. Kada a biya sai wurin dillalin da ke rubuce a littafin ofis.

In malami zai bar aiki ko aka yi masa canji, sunaye da kalmomin sirri su shiga takardar miƙa aiki, magaji kuma ya canja kalmar sirri a ranar. Haka in aka haɗe gundumomi ko aka sake musu suna. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta rage gundumomi daga 390 zuwa 77, kuma a irin wannan sauyi ne kayan ofis ke zama marayu. Tsohon suna kada a sake shi nan da nan: a ci gaba da biya shekaru kaɗan, a sa ya riƙa kai baƙi zuwa sabon, har jama'a su saba.

AIKIN HAKIMI

Ana roƙon Hakimai su karanta wa Dagatai da Masu Unguwanni wannan bayani a taron wata, su kuma su isar ga shugabannin makarantun Islamiyya, da kwamitocin masallatai, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kawo da na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Kowace ƙungiya mai shafi a tambaye ta abu biyu: da sunan wa aka yi rajista, kuma yaushe wa'adi zai cika? Wadda ta kasa amsawa, malami ya zauna da sakatarenta su duba tare a ranar.

In aka ga shafi yana neman kuɗi da sunan Hakimi ko na Masarauta ba da izini ba, a ɗauki hotonsa da kwanan wata, a sanar da Majalisar Masarauta da 'yan sanda, a rubuta wa dillalin da sunan ke hannunsa, a kuma yi shela a masallatai kada kowa ya biya.

Allah ya sa a dace, amin.